Tambaya da Amsa: Ina ScanDisk ya shige a tsohuwar kwamfutata?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, yayana ne ya bar min tsohuwar kwamfutarsa mai Windows XP, tana yawan maƙalewa, na nemi ScanDisk ɗin da na sani a Windows 98 ban gani ba, sannan kibod ɗin ba ƙ ba ɗ ba ɓ. Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. ScanDisk, mai dubawa da gyara kurakuran ma'ajiyar kwamfuta, kam ya tafi tun da XP ta fito a 2001, chkdsk ne ya gaje shi. Shiga My Computer, danna dama kan C:, sai Properties, Tools, Check Now, sa alama a Automatically fix file system errors ka danna Start, zata ce sai ka kashe ka kunna, yarda kawai, ka barta ta gama kar ka taɓa, in wuta na wasa ka jira tukuna. Amma fa kwashe fayil ɗinka a filash da farko, in hadis ɗin (hard disk, ma'ajiyar kwamfutar) na ƙas-ƙas ba gyara kenan.

Haruffa kuwa, Start, Run, rubuta charmap, zaɓi Lucida Sans Unicode, duk suna nan ka kwafa. A Word ma rubuta 0199 ka danna Alt da X, ƙ zai fito.