Kod ɗaya, kwamfutar abokina ta karɓa tawa ta ƙi

Tambaya: Malam barka da aiki. Ina koyon yaren C ne, na yi amfani da printf amma na manta ban sa #include <stdio.h> a sama ba. A kwamfutar abokina gargaɗi kawai ya fito kuma abu ya tafi lafiya, ni tawa ta ƙi ƙememe. Wacce ke da matsala?

Amsa: Ɗan'uwa ba wadda ke da matsala, kuskuren a kod ɗinka yake. A tsohon C na 1989 an yarda ka kira fonshon ba tare da ka gabatar da shi ba, kompaila, wato manhajar da ke fassara kod ɗinka zuwa shirin da kwamfuta za ta gudanar, zai ɗauka int (cikakkiyar lamba) yake dawowa da shi, amma daga C99 aka cire wannan damar. To abin da mutane ba su lura da shi ba shi ne, ƙa'idar C ta ISO ba ta ce dole kompaila ya tsaya in ka karya doka ba, abin da ta ce kawai ya fitar da saƙo ko da guda ɗaya ne, ko ya kira shi warning ko error wannan ruwansa ne. Shi ya sa kompailan GCC ya daɗe yana gargaɗi ya wuce, sai a GCC 14 na 2024 suka mayar da shi error, wani kompailan mai suna Clang ma tun Clang 16 ya riga su. Ku buga gcc --version kai da abokinka, ina kyautata zaton nasa tsoho ne.

Amma inda ya fi ba ni tsoro ba nan ba ne. Ka ce int a[5], wato jerin gurabe biyar daga a[0] zuwa a[4]. Sannan a cikin madauki (loop) ka rubuta a a[5], ka fita daga gidanka ka shiga na maƙwabci, kuma ƙa'ida ba ta tilasta wa kompaila ya ce maka uffan ba a nan, yau ya yi aiki gobe ya faɗi gaban malami ranar gwaji.

Ni dai kullum haka nake haɗawa: gcc -std=c17 -Wall -Wextra -pedantic-errors. In ba ka sa -std ba GCC yana bin salon GNU ne mai ƙare-ƙare. Don irin matsalar a[5] kuma ƙara -fsanitize=address, lokacin da shirin ke gudana zai kama shi, in ka haɗa da -g har lambar layin zai nuna maka.