Abin da Za Ka Saurara a Semina Kafin Ka Ba da Maki

Ɗana, ka tambaye ni yadda za ka auna aikin ɗaliban digiri na biyu a seminar da aka sa ka zauna, tun da an miƙa maka takardar maki ba tare da an gaya maka abin da za ka duba ba. Ba zan ɓata bakina kan zuwa da wuri, ko karanta taƙaitaccen bayanin aikin kafin a shiga, ko yadda ake bin teburin simfileks (dabarar lissafi ta lalubo tsarin aiki mafi arha ko mafi riba mataki-mataki) ba. Wanda bai san waɗannan ba, ban san abin da ya kawo shi fagen lissafin tsara ayyuka ba.

Amsar ƙarshe da ɗalibi zai haska a allo ita ce mafi arha a cikin aikinsa, domin kwamfuta ce ta fitar da ita cikin ƙiftawar ido. Abin da ke da tsada shi ne alƙaluman da ya zuba mata da sharuɗɗan da ya gindaya. Wannan ilimi daga aikin zahiri ya tsiro: matsalar masana'antar katako aka kawo wa masanin lissafi Kantorovich a birnin Leningrad na Rasha har ya yi aikinsa na 1939, wani masanin lissafi, Hitchcock, ya tsara matsalar jigilar kaya a 1941, shi kuma takwaransu Dantzig yana yi wa rundunar sojan saman Amurka aikin tsare-tsare ne ya fito da simfileks a 1947.

Tambayarka ta tayar mini da wani miki. Bayan an ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi a 2015, harkar shanshera ta buɗe, sai wani babban ɗan kasuwa ya same ni har ofis, ya ce kuɗin mota yana cinye masa riba. Yana saye a Argungu da Suru da Kamba da Yauri, yana tarawa a rumbunansa na Birnin Kebbi da Jega, kuma yana son a tsara masa kayan wane gari za su tafi wane rumbu. Muka yi ciniki a baki, irin na mutunci, a kan zai biya idan aiki ya kammala. Na ɗora ɗalibina a kai, kuma daga aljihuna na riƙa ba shi kuɗin mota. Yaron nan ya sha rana a tashoshi da ɗan littafinsa, yana rubuta abin da direba ke karɓa a kan kowane buhu, da ladan 'yan dako, da kuɗin kamasho, da buhu nawa kowace mota ke ɗauka a zahiri, ba abin da aka rubuta a jikinta ba.

Ranar semina sai Alhajin ya turo yaronsa, wai ya zo ya saurara. Ya zauna a kujerar baya yana latsa waya, bai ɗago kai ba duk tsawon bayanin sharuɗɗa, sai da teburin ƙarshe ya fito ya miƙe ya ɗauki hoto, ya fice kafin a fara tambayoyi. Da mako ya zagayo, Alhaji ya ce ya fasa aikin, ko sisi bai ba ni ba. Abin da yaron bai ɗauka ba shi ne shafin da ya ce wannan tsari na shinkafar rani ne, kuma da zarar hanyar fadama ta yanke ko kuɗin man dizal ya motsa sosai, dole a sake lissafi. Alhaji ya bi hotonsa har tsakiyar damina, motocinsa suka kafe a taɓo, shinkafa ta jiƙe, sannan ya shiga gari yana cewa lissafin 'yan boko ne ya karya shi. Ya cinye mini guminmu, ya haɗa da sunana, kuma har yau idan muka haɗu wurin ɗaurin aure shi ne mai ɗaure fuska.

To, yawancinku matasan yanzu zaman yaron Alhaji kuke yi a semina. Kuna jiran launi da zane, kuna ba da maki saboda Turanci ya fita da santsi, kuma idan ɗalibi ya ce manhaja ce ta ba shi amsa sai ku yi shiru kamar an ja muku aya.

Kai ka fara da tambayarsa abin da yake son ragewa ko ƙarawa, ya faɗa maka cikin jimla ɗaya ba tare da ya waiwayi allo ba. Daga nan ka zaɓi adadi ɗaya a teburinsa ka ce wa ya ba shi, a ina, kuma a wane wata; wanda ya kwafo daga intanet a nan yake fara inda-inda. Sannan ka ce masa idan kuɗin mota ya ƙaru da kashi 10 cikin 100, amsarsa za ta tsaya ko za ta rushe. Idan ya fito maka da mota biyu da rabi, ka tambaye shi wa zai tuƙa rabin, domin aikin da ke bukatar cikakkun adadi ba a gyara shi da ƙarasa lamba da ka. A kan waɗannan za ka ɗora mafi yawan makinka, adon allo kuwa ka ba shi ɗan abin da takardar ta tilasta maka. Idan ka ga baƙon da ba ka sani ba a kujerar baya, ka sa a tambayi wanda ya gayyato shi kafin a kunna majigi.