Raba Yankunan Dillalai da Taswirar Kwamfuta

Tambaya: Malam, ina rarraba lemon kwalba a Kano, dillalaina shida na rikici kan iyaka. Wace manhaja za ta raba musu yanki daidai? Daga wani mai karatu a Fagge.

Amsa: Alhaji, sauke QGIS, manhajar zana taswira a kwamfuta, kyauta ce. Ka tara shagunan kwastomominka a Excel, kowanne da lambobin GPS, ka adana a matsayin CSV (wani nau'in fayil da Excel ke fitarwa) ka shigar cikin QGIS, za ta nemi X da Y. A nan ake yawan tuntuɓe: lambar gabas, wajen 8.5 a Kano, ita ce X. Ta arewa, wajen 12, ita ce Y. In ka musanya su, sai ka tarar da shagon Sabon Gari ya faɗa kudancin Adamawa.

Kafin ka zana da'irar kilomita 3 kewaye da kowane dillali, mayar da taswirar ma'aunin EPSG:32632, tsarin da ke aunawa da mita a yankin Kano. In ba haka ba, manhajar da digiri za ta auna, ba mita ba.

Yawan jama'a kuwa, kada ka dogara da ƙidayar 2006, ta tsufa. Ɗauko kiyasin WorldPop, shafin intanet mai taswirar yawan jama'a, ka sa Zonal Statistics, wani kayan aiki a cikin QGIS, ya tara mutanen kowane yanki. Da yawan mutane za ka raba, don faɗin ƙasa ba ya sayen lemo.