Amsa ga Malama mai son kai ɗalibai ganin tsoffin masaƙu

Malama wallahi tambayarki ta taɓa ni. Kin ce kina son kai yaranki na sakandare su ga tsoffin masaƙu da tashar jirgin ƙasa amma firinsifal ya ce ɓata lokaci ne tunda ba ya fitowa a jarrabawa, iyaye kuma sun ƙi ba da kuɗin mota. To ki yi haƙuri, irin wannan shugaban mun gan shi tun kafin a haifi ɗalibanki.

Mu malamin jogarafi ne ya sa mana son abin nan, Allah ya jiƙansa da rahama. Ran da zai koya mana auduga da leda ya shigo aji, ya zazzage a tebur, ga auduga da ƙwayarta, ga angurya, ga zare, ga ƙyallen akoko, ga yankin atamfa, ya ce kowa ya zo ya taɓa da hannunsa. Daga bakinsa na fara jin cewa 1957 aka buɗe masaƙar KTL, wato Kaduna Textiles Limited, a unguwar Kakuri ta Kaduna zamanin Sardauna, kuma jirgi ya iso Kano a 1911, layin daga Baro ya taso. A ƙafa ya kai mu Kakuri lokacin canjin aiki, jiniya na bugawa sai ga mutane da kekuna sun cika titi ba masaka tsinke, kan wasu duk farin ƙurar auduga.

Sai muka yi ɗan lungu a bayan aji, kowa ya kawo abin da ya samu a gida, tsohon katin aiki, tikitin jirgi na kwali, fitilar ma'aikatan reluwe, ni na kawo hoton kawuna tsaye gaban injin saƙa, shi kenan guda ɗaya da yake da shi kuma sai da na yi ta roƙo ya ba ni aro. Aka kawo sabon firinsifal. Ranar tsaftar makaranta mutumin nan ya sa aka kwashe komai aka zuba a bola aka cinna wuta, wai tarkace ne masu tara ɓeraye, bai tambayi kowa ba, bai ma jira malamin ya iso ba. Bai tsaya nan ba sai da ya kira shi ɗan gwangwan a asembili gaban ɗalibai, wasu na dariya. Ina kallon bawan Allahn nan ya sunkuyar da kai hularsa a hannu bai ce uffan ba, dattijo da furfurarsa. Ni kuwa na rasa bakin da zan faɗa wa kawu, da na faɗa masa, cewa kawai ya yi ba komai, ya juya ya ci gaba da alwala. Har yau in na tuna raina ɓaci yake, wallahi ban yafe wannan wulaƙancin ba.

Don haka kar ki ajiye kayan mutane a makaranta, ki ɗauki hoto da waya ki mayar musu. Kuma ki manta da maganar mota tukuna. Tsoffin ma'aikata na nan a majalisun Kakuri da Makera, ki gayyato ɗaya aji ya ba da labari, ba mai hana ki wannan, ki yi rikodin don suna ta rasuwa. KTL tun 2002 take rufe, yaranki ba su taɓa jin jiniyar nan ba, atamfar da ke jikinsu ma daga Sin aka shigo da ita alhali ga auduga a Funtua da Malumfashi, rashin wuta da tsadar baƙin mai da fasa-ƙwauri suka haɗu suka kashe mana komai muna kallo, kai abin da ciwo.

Kar dai ki shiga da yara cikin kangon gini, rufin ya ruɓe ga macizai. In firinsifal ya sauko, ki rubuta takarda ya sa hannu kafin ku fita, ku fara da gadar ƙarfe ta Gwamna Lugga da aka ɗauko daga Zungeru tana nan a wurin shaƙatawa na Gamji, sai Arewa House, tsohon gidan Sardauna da aka mayar gidan tarihi. Ki faɗa min unguwar da makarantarku take, akwai wani tsohon makanikin masaƙa maƙwabcina da na tabbata zai zo muku.