Tambaya da Amsa: Shin Doka Ta Yarda a Tsare Yaro Kafin a Yanke Masa Hukunci?

Tambaya: Wata uwa ta rubuto cewa an kama ɗanta mai shekara 15 bisa zargin satar waya, an kai shi kotu sau ɗaya, aka tura shi gidan yari cikin manya, yau mako shida ke nan. Shin doka ta yarda da haka, kuma ta ina za ta fara?

Amsa: Baiwar Allah, Allah ya kawo miki mafita. Doka ba ta haramta tsare yaro gaba ɗaya ba, amma ta ƙuntata shi ƙwarai. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta Najeriya ta 2003 ta ce duk wanda bai kai shekara 18 ba yaro ne, kuma sashe na 212 ya tanadi cewa ba za a tsare shi kafin shari'a ba sai an rasa wata hanya, sannan na ɗan taƙaitaccen lokaci. Kafin a kai ga haka, sai alƙali ya duba yiwuwar damƙa shi hannun iyayensa ko sanya shi ƙarƙashin kulawar jami'an jin daɗin jama'a. Idan tsarewar ta zama dole, wurinsa gidan ajiye yara ne, domin Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara, wadda Najeriya ta amince da ita a 1991, ta nemi a raba yara da manya. Jihohi suna da nasu dokokin, don haka lauya zai duba ta jiharku.

Inda gizo yake saƙa shi ne batun shekaru. Sau da yawa yaro ba shi da takardar haihuwa, sai a dubi tsawonsa a rubuta 18 a takardar tuhuma, daga nan duk kariyar da doka ta ba shi ta faɗi, ya kwana ɗaki ɗaya da waɗanda suka girme shi nesa ba kusa ba, ya rasa zangon karatu, alhali ba a tabbatar da laifinsa ba. A ganina wannan ya fi komai illa, domin yaron da aka ajiye a irin wannan wuri yakan fito da halin da bai shiga da shi ba. Mun ga abin da ya faru a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja ranar 1 ga Nuwamba 2024, lokacin da wasu yara da aka kama a zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agustan shekarar suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali bayan kusan wata uku a tsare, sai da Shugaba Tinubu ya ba da umarni aka sake su.

Saboda haka abu na farko shi ne ki tabbatar da shekarunsa a gaban kotu. Ki nemo takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, idan babu ita kuma katin rigakafi na asibiti ko shaidar makaranta za su taimaka. Ki kai su ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta jiharku, wadda take ba marasa ƙarfi lauya kyauta, domin lauyan ya nemi beli, ya kuma nemi a mayar da shari'ar kotun da ke sauraron shari'ar yara. Kada ki jira ranar da aka ɗage zama ta zo, domin ana iya shigar da wannan buƙata tun yanzu.