Tambayoyinku: Wa Ya Kira Ƙasar Waje Da Layin Ofishina?

Tambaya: Malam, ina da ƙaramin kamfanin dakon kaya a Kano. Mun sa na'urar PBX, wato na'urar rarraba layukan wayar ofis, mai aiki da intanet domin ma'aikata su riƙa amsa wayar ofis daga gida. Ranar Litinin muka tarar kuɗin kiranmu ya ƙare ƙarƙaf, an yi ta kiran wasu ƙasashe tun daren Juma'a. Maigadi nake zargi.

Amsa: Alhaji, don Allah ka rabu da maigadin nan, bai ci nanin ba kada nanin ta ci shi. Ɓarawonka ko hanyar ofishinka bai sani ba. Wanda ya haɗa maka na'urar ya buɗe wa duniya ƙofar intanet ta na'urar mai lamba 5060, inda SIP, tsarin kiran waya ta intanet, ke karɓar kira, ya kama gabansa. Akwai manhajoji irin su SIPVicious da ke zagaya intanet dare da rana suna neman irin wannan ƙofa. Da sun same ta sai su gwada layukan cikin gida, 100, 101, 102, da kalmar sirri 1234. Ni na san in ka duba yanzu, layin sakatarenka da kalmar sirrinsa lamba ɗaya ce.

Ɓarayin ba hira suke yi ba. Suna hayar lambobi masu tsadar kira a waje, su sa na'urarka ta yi ta kiransu, layi goma a lokaci guda, kowane minti a ba su kasonsu. Ƙarshen mako suke so saboda ba mai dubawa. Kuma galibi kamfanin wayarka zai ce kai za ka biya, tunda daga layinka kiran ya fita.

Abin da ke ɓata min rai shi ne wannan sata ta tsufa. Tun 2009 hukumomin Amurka suka tuhumi mutum uku mazauna Filifin da kutsa kai cikin na'urorin waya na kamfanoni fiye da 2,500, aka yi kiran minti miliyan 12 da kuɗinsa ya haura dala miliyan 55. Da yawa kalmar sirrin da na'urar ta zo da ita daga masana'anta kawai aka gwada. Har yau ana barin ta haka.

Yau ɗin nan ka rufe 5060 ga kowa in ban da adireshin kamfanin da ke ba ka layi. Ma'aikacin da zai amsa waya daga gida ya shigo ta VPN, wato keɓaɓɓiyar hanya mai tsaro ta cikin intanet. Ni VPN ɗin WireGuard nake sa wa kowa, ba ya cin batirin waya sosai. Shafin sarrafa na'urar kada ya leƙa intanet ko kaɗan. A toshe kiran ƙasar waje gaba ɗaya, sannan a buɗe ƙasashen da kake kasuwanci da su, Nijar ko Kamaru ko Sin, ga mutum biyu ko uku kawai. A kashe DISA, tsarin da ke barin wanda ke wajen ofis ya yi kira ta layin ofis. Idan manhajar na'urarka Asterisk ko FreePBX ce, a kunna fail2ban, manhajar da ke toshe duk mai ta gwada kalmar sirri yana kuskure. Ka kuma nemi kamfanin wayarka ya ƙayyade maka kuɗin da za a iya kashewa a rana, ya turo maka saƙo in an kusa kaiwa.

Tambaya: Lambar ƙasar waje na yi mini filashin cikin dare. In kira in ji ko waye?

Amsa: A'a, Hajiya. Ƙanwar waccan satar ce, ana ce mata wangiri: so suke ki kira lamba mai tsadar kira su ci kuɗinki. Mai nemanki da gaske zai sake kira. Ki toshe lambar.

Tambaya: Ma'aikacinmu ya bar aiki, amma manhajar wayar ofis na nan a wayarsa. Mutumin kirki ne.

Amsa: Malam, wayar mutumin kirki ma ana sace ta. Goge layinsa kafin ka tashi daga ofis, ka canza lambar sirrin saƙon muryarsa.