Na sa wa tsohuwar Camaro sabon inji, yanzu an ce na ɓata ta

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Houston. Shekara huɗu na yi ina gyaran wata Chevrolet Camaro ƙirar 1969. Na cire injinta na asali na sa wani inji na zamani mai suna LS3, na canza birki da giya, aka yi mata sabon fenti. Yanzu hidimar gida ta taso, dole in sayar. Wani ya taya ƙasa da abin da na kashe, wai na ɓata motar. Gaskiya ne? Kuma ina zan kai ta?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kafin komai, ina tsohon injin? In yana can kuryar gareji lulluɓe da tamfol, kada ka kuskura ka ba 'yan gwangwan. Tare da motar za ka sallama shi.

Dalili kuwa, masu sayen irin wannan mota ba bakinsu ɗaya ba. Akwai masu son ta yadda ta fito daga kamfani. Za ka ga mutum ya sunkuya da tocila, yana goge maiƙo da yatsa yana neman lambar da aka buga a jikin inji, don ya ga ko ta dace da lambar shasi. Mai taya maka ko dai cikinsu yake, ko kuwa kushe ce irin ta ciniki. In motarka Z/28 ce ta gaske, wato Camaro ta musamman mai injin da ake kira 302, to yana da gaskiya, ka rage mata daraja, kuma tsohon injin nan ne zai cece ka. In kuwa ta gama-gari ce, mai silinda shida ko inji 307, ba abin da ka ɓata. LS3 lita 6.2 ne, ƙarfin doki wajen 430, yana tashi da murɗa ɗaya ko da sanyin asuba. Akwai masu neman irin haka ido rufe. Amurkawa na ce wa irin motar restomod, wato tsohuwar mota da aka sa wa kayan zamani.

Amma ka cire rai da mayar da kuɗinka cif. Gumin shekara huɗu ba ya shiga lissafin mai saye. Abin da ke ɗaga farashi shi ne shaida: rasit na inji da giya, hotunan bodin kafin a shafa fenti, hoton ƙarƙashin motar. Ɗaga ta sama ka ɗauka, domin tsatsa can take ɓuya, kowa ya sani. In akwai inda mai ke ɗiga, faɗa da bakinka.

Wurin sayarwa, ni na fi karkata ga Bring a Trailer. Gwanjo ne ta intanet na mako guda, mai saye ke biyan la'adar kashi 5 cikin ɗari, sai dai ka shirya wa tambayoyin masana, ba sa ragawa. Kamfanin gwanjon motoci na Mecum kan yi gwanjo a Houston ɗinku. Kamfanin Barrett-Jackson na garin Scottsdale a jihar Arizona ya fi suna, amma yawancin motocinsu ba a gindaya musu mafi ƙarancin farashi, inda aka tsaya nan za ka sallama, ba damar cewa albarka.

Ka duba nawa aka sayar da ire-irenta, ba nawa masu su ke nema ba. Kuma kada ka miƙa mukulli da takardar mallaka kan cek, sai bankinka ya tabbatar kuɗin sun zauna.